Malam, a taimaka a karanta babin

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da malaman jami'a masu duba kundin ɗaliban digiri na biyu da na uku.

Wata bakwai babi na uku na kundina ya yi a ofishin malamina. Makon jiya ya dawo hannuna: shafi 42, babu ɗigon jan biro sai a bango, inda aka rubuta "a sake dubawa". Ko kusurwar takardun ba ta lanƙwashe ba. In sake duba me? Yadda na tattara bayanai ne bai yi ba, ko lissafin?

Ban ce malamai zaman banza suke yi ba. Ga aji, ga makin jarrabawa, ga taron sashe da ba ya ƙarewa. Amma wanda ya san jakarsa ta cika, don me zai karɓi ɗalibi na goma sha biyar?

Na ga yadda ake yi. Malamar da ta duba ni a digiri na biyu takan zana layi ƙarƙashin jimla ta rubuta "ina hujjarki?" Wani shafin har baya take cikawa. Na sha yin kuka, amma ranar kare kundi babu tambayar da mai jarrabawa daga waje ya yi wadda ba ta riga shi ba.

Jamusawa "Doktorvater" suke ce wa mai wannan aiki, wato uban dakta. Tunanin Wilhelm von Humboldt, wani masani Bajamushe, da aka kafa Jami'ar Berlin a kansa a 1810 shi ne malami da ɗalibi su yi bincike tare. To, uba bai gama da sa hannu a takarda ba.

Sai batun suna a maƙala, wanda muke yi ƙasa-ƙasa. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya ce samo kuɗin bincike ko shugabantar masu binciken kaɗai ba ya sa mutum cikin marubuta. Sai ya taɓa aikin da gaske. Duk da haka wasu sukan nemi sunansu a kan abin da ba su karanta ba, saboda ƙarin girma.

Ranar Litinin na mayar da babin. Na ninke kusurwar shafi na 17, inda ni kaina nake shakkar lissafina, ko Allah zai sa a fara daga nan.

Taku,
Wata ɗalibar digiri na uku