Wasiƙa daga Tartu zuwa Jibiya

Tartu, Estoniya
24 ga Agusta

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ya ƙafar taki? Ni lafiyata ƙalau, karatu sai watan gobe za mu koma. Auta, ka karanta mata a hankali, ban da tsallake.

A makon jiya wata 'yar ajinmu ta kai mu ƙauyen kakarta, Obinitsa, can kudu maso gabas dab da iyakar Rasha. Ƙabilarsu Seto ake ce musu. Suna da nasu harshen, kuma cocinsu irin na Rashawa ne, shi ya sa sauran 'yan ƙasar suka daɗe suna yi musu kallon bare.

Mun dace da bikinsu na 19 ga Agusta. Inna, ban taɓa ganin irinsa ba. Bayan an fito daga coci sai kowane gida ya nufi maƙabarta, a shimfiɗa ƙyalle a kan kabarin dangi, a jera abinci, a zauna ana ci ana hira. Da farko jikina ya yi sanyi, na ja gefe. Tsohuwar ta miƙo mini wani cuku nasu mai laushi da suke dafawa da madara da ƙwai, na ci. Giyarsu ta gida kuwa na ce addinina ya hana, ba wanda ya matsa mini.

Waƙarsu sunanta leelo. Ba ganga, ba goge. Mace ɗaya ce ke bayarwa, kafin ta dire sai sauran su cafe da amshi. Sai na tuna ku da su Gwaggo a bakin turmi. Tun 2009 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin al'adun duniya da ake tattali. Matan suna rataya wata azurfa a ƙirji mai faɗin ƙaramin faifai, ga sarƙoƙi kala-kala, idan suna tafiya tun daga nesa ake jin ƙararsu. Har sarki gare su, Peko, wai yana barci a cikin kogo, don haka duk Asabar ɗin farko ta Agusta sai su zaɓi wakilinsa. Zaɓen kuwa ƙato bayan ƙato ne, na yi dariya har da ƙwalla.

To amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar iyaka. Babban garinsu, Petseri, inda tsohon gidan ibadarsu yake, yana cikin Rasha yanzu. Yarjejeniyar da aka ƙulla a nan Tartu a 1920 ta ba Estoniya garin. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu Mosko ta mayar da shi ɓangaren Rasha, amma da yake duk Tarayyar Sobiyet ce ba wanda ya damu, ana zuwa kasuwa ana dawowa. Sai da Estoniya ta samu 'yanci a 1991 layin takarda ya zama shinge. Tsohuwar nan kabarin iyayenta yana can tsallake. Ta nuna mini wajen da yatsa. Sai da biza, sai an zagaya ta mashigar Koidula, kuma tun da aka fara yaƙin Yukiren a 2022 abin ya ƙara tsanani. Ta ce rabonta da can an jima.

Na ba ta labarin 2023, lokacin da aka rufe iyakarmu da Nijar bayan juyin mulki, kina Jibiya 'yan'uwanki suna Ɗan Isa, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba ta gagara. Jikarta na fassarawa tana gyaɗa kai. Ta tambaye ni ko can ma harshe ɗaya ake yi ta ɓangarorin biyu. Na ce Hausa ce har Maraɗi. Sai ta ƙara mini cukun, wai in kai miki. Na ce kafin ya iso ya lalace, don haka na cinye a madadinki, ki yafe.

Na tura kuɗin magani ta hannun Yaya. Idan kin je Ɗan Isa ki gaishe mini da Kawu da iyalinsa. A ci gaba da sa ni a addu'a, sanyi ya kusa.

Wassalam,
ɗanki