Wasiƙar Iyaye: Abin da Ƙungiyar Kimiyya Ke Ciki a Wannan Zango

Assalamu alaikum, iyayenmu da masu riƙon ɗalibai. Ya ɗawainiyar yara? Allah Ya saka muku da alheri.

In yaronku ya dawo gida yana cewa haske na iya tura abu, har ya riƙe shi cak a cikin ruwa, kada a ɗauka shirme yake yi. Darasin da 'yan ƙungiyar kimiyya na babbar sakandare suka sa a gaba ke nan, mun kuma ga ya kamata ku san inda aka dosa.

Abubuwan da hasken ke riƙewa 'yan ƙananan ƙwayoyi ne, da nanomita ake auna su, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Silin gashi guda kaurinsa ya kai nanomita 80,000. Abu mai wannan ƙanƙanta ba ya zama wuri ɗaya a ruwa, kullum rawa yake, don ƙwayoyin ruwan na ta bangazarsa ta ko'ina. Robert Brown ya lura da wannan rawar a 1827, Einstein ya bayyana dalilinta a 1905. To, da me za a kama shi?

Arthur Ashkin na ɗakin binciken Bell a Amurka ne ya samo hanya. A 1970 ya nuna hasken lesa, wato siririn haske mai ƙarfi da ke tafiya a miƙe, na tura ƙananan ƙwayoyi a ruwa. A 1986 shi da abokan aikinsa suka tattara hasken a ɗigo guda ta gilashin madubin likita, sai ƙwayar ta faɗa inda hasken ya fi ƙarfi ta maƙale. A gusar da hasken, ta bi shi. Tamkar matsefata ce, amma ta haske. Da ya gwada a kan ƙwayoyin bakteriya, koren haske ya riƙa kashe su, sai ya koma ga hasken infirared wanda ido ba ya gani, suka zauna a raye har suna hayayyafa a cikin tarkon. An ba shi kyautar Nobel a 2018 yana da shekara 96. Masu cewa boko ya wuce su, sai su duba.

Iya ƙanƙantar ƙwaya, iya wahalar riƙe ta, shi ya sa masana ke yawan aiki da ƙwayoyin zinare, waɗanda haske ya fi kamawa. Abin da ya fi jan hankalin ɗalibanmu kuwa shi ne jini: da wannan dabara aka miƙar da jajayen ƙwayoyin jini, aka auna yadda suke sandarewa idan maleriya ta shige su. Wannan ciwo dai babu gidan da bai san shi ba.

Ba mu da irin wannan na'ura, ba kuma za mu ce muna da ita ba. Abin da yara za su gwada a gida mai sauƙi ne: kofin gilashi, ruwa, ɗigon madara, da tocila a ɗaki mai duhu. Za su ga hanyar hasken ta fito fili, saboda ƙwayoyin madarar na watsa shi. A bar su su yi, su zana abin da suka gani a littafi su kawo wa malaminsu.

Roƙonmu ɗaya: kada a saya musu 'yar tocilar lesa ta kasuwa. Tana iya lahanta ido, wani lahanin ma ba ya warkewa. Duk wadda muka gani a jakar ɗalibi za mu ajiye ta a ofis sai uba ko uwa sun zo karɓa.

Wassalam,
Shugaban Makaranta