Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Neman Tallafin Binciken Lafiya Ga Ƙananan Kamfanoninmu

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, likitoci, malamai da masu kamfanoni.

Wannan shi ne rahoton kwamitin zartarwa a kan abin da ƙungiyarmu ta Hausawa masu binciken lafiya mazauna Amurka ta gudanar a 2024. A babban taron bara an tsayar da magana cewa bana a wuri ɗaya za mu sa ƙarfinmu, wato yadda ƙananan kamfanonin mambobi za su samu tallafin gwamnatin tarayya na SBIR da STTR, wato shirye-shirye biyu na ba ƙananan kamfanoni kuɗin bincike da ƙirƙira. A kan haka muka yi shekarar.

Saboda sababbin shiga, shirin SBIR doka ce tun 1982. Duk ma'aikatar tarayya da ke ba da sama da dala miliyan 100 a shekara don a yi mata bincike a waje, wajibi ne ta ware kashi 3.2 cikin 100 ga ƙananan kamfanoni. STTR ya biyo baya a 1992, shi kuma sai kamfani ya haɗa hannu da jami'a ko cibiyar bincike. Kuɗin ba bashi ba ne, gwamnati kuma ba ta karɓar hannun jari a kamfanin. Hukumar binciken lafiya ta Amurka (NIH) kaɗai tana raba sama da dala biliyan 1 duk shekara ta wannan hanya: mataki na ɗaya dala dubu 300 da 'yan kai don a gwada ko tunanin zai yiwu, mataki na biyu kimanin dala miliyan 2 cikin shekara biyu.

Tarukan bita

Mun fara da sharuɗɗa, domin nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe. Dole kamfanin ya zama na neman riba, mazauninsa Amurka, ma'aikatansa ba su wuce 500 ba, kuma sama da rabinsa mallakar 'yan ƙasa ne ko masu takardar zaman dindindin. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya yi wa wasu 'yan uwa da ke kan bizar aiki ciwo. Shawararmu gare su ita ce su nemi abokin tarayya na haƙiƙa, a rubuta komai gaban lauya. Sa sunan wani don a cika takarda kawai haramun ne a doka, kuma ƙungiya ba za ta tsaya wa mai yin haka ba.

Malaman jami'a da ke cikinmu kuma mun nuna musu ƙofar STTR. A SBIR, jagoran bincike sai ya zama sama da rabin lokacin aikinsa na kamfanin ne. A STTR na NIH yana iya zama a jami'arsa, muddin kamfanin ya yi aƙalla kashi 40 na aikin, jami'ar ta yi aƙalla kashi 30.

Sai rajista. Wurare huɗu ne: SAM.gov, Grants.gov, eRA Commons da rajistar kamfanoni ta hukumar ƙananan sana'o'i (SBA), kuma tana iya cin mako shida ko fiye. Sunan kamfani da adireshinsa su zama iri ɗaya da na takardar haraji, harafi da harafi. Rajistar SAM kuma duk shekara ake sabunta ta.

Kwamitin duba takardu

Wannan kwamiti ne ya fi kowa shan aiki, kuma mambobinsa ba su karɓi ko sisi ba. Allah Ya saka musu da alheri. Mafi yawan lokacinsu ya tafi a kan shafi guda na manufofin bincike. Wata 'yar uwa ta kawo nata, kusan duk shafin bayanin wahalar da masu cutar ke sha ne, abin da za ta ƙera kuwa layi biyu ne a ƙasa. Aka zauna da ita da jan biro, aka juya shafin: ga abin gwajin, ga ɗigon jinin da yake bukata, ga mintocin da sakamako zai fito, ga mizanin da in an kai shi za a ce mataki na ɗaya ya yi nasara, ga wanda zai saya. Masu tantancewa sun san cutar. Abin da suke nema shi ne kaya da kasuwarsu.

Wasu takardun mambobi sun dawo ba a ma tattauna su a zaman masu tantancewa ba. Wannan ba abin kunya ba ne, kusan rabin takardun da ake turawa haka suke dawowa. Ana ba da damar sake turawa da shafi ɗaya na amsa gyare-gyare. A karanta sharhin, a kira jami'in NIH mai kula da shirin, a gyara.

Zazzaɓin Lassa da kuɗin tsaro

Zaman da ya fi jan hankali bana shi ne na binciken kariya daga makamai masu ɗauke da ƙwayoyin cuta. Bayan wasiƙun da aka aika ɗauke da ƙwayar cutar antaraks a 2001 da suka kashe mutum biyar, Amurka ta buɗe bakin aljihu: dokar BioShield ta 2004 ta ware dala biliyan 5.6, aka kafa hukumar BARDA mai tallafa wa haɗa magunguna da rigakafin irin wannan barazana a 2006. Cibiyar NIAID, reshen NIH mai binciken cututtuka masu yaɗuwa, ta jera cututtukan da ta fi tsoro, kuma a rukunin farko, tare da agana da Ebola, akwai zazzaɓin Lassa.

Su a nan barazanar tsaro suke kallo. Mu kuwa Lassa sunan gari ne a jihar Borno, inda aka fara gano cutar a 1969. Mun san ɓeran da ke yaɗa ta, mun san yadda take tashi kowane rani, da yawanmu mun san ma'aikatan asibitin da ta ɗauke. Har yau babu rigakafinta da aka amince da shi. A watan Oktoban 2024 wani mazaunin jihar Iowa ya rasu da ita bayan dawowarsa daga Afirka ta Yamma. Ra'ayin kwamiti shi ne kada mu tsaya kallo, wasu su karɓi kuɗin binciken cutar da mu muka fi saninta. Ƙaramin kamfani na iyawa. Maganin ZMapp da aka gwada a annobar Ebola ta 2014 ƙaramin kamfanin Mapp na San Diego ne ya haɗa shi da tallafin gwamnati.

Amma akwai gaskiya mai ɗaci da muka faɗa wa mambobi ƙarara. Dokar shirin ta ce a cikin Amurka za a yi aikin gaba ɗayansa, sassauci kuma ba kasafai ake samu ba. Wanda ke shirin gina ɗakin gwaji a Maiduguri ko Maraɗi da wannan kuɗi, ya nemi wata hanya. Abin da zai yiwu shi ne a ƙera abin gwaji ko magani a nan, wanda zai jure zafi da rashin wutar lantarki, sannan a nemi kuɗin gwada shi a gida daga wasu masu ba da tallafi.

Gargaɗi biyu muka nanata. Ƙwayar Lassa mai rai sai a ɗakin gwaji na matakin tsaro na huɗu, mafi tsanani, ake taɓa ta, don haka kada wanda ya kuskura ya shigo da jini ko wani samfuri daga gida ba da izinin hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka (CDC) ba. Na biyu, tun dokar sabunta SBIR da STTR ta 2022 ana bincikar alaƙar masu kamfani da ƙasashen waje. Chana, Rasha, Iran da Koriya ta Arewa aka fi sa wa ido, amma duk mai muƙami a wata jami'a ta gida ko kamfani a can, ya bayyana. Ɓoyewa ce ke jawo masifa.

Kuɗi da abin da ke gaba

Asusun da aka so kafawa don biyan ƙwararren mai gyara takardu bai samu ba, saboda kuɗin ƙa'ida bai shigo yadda aka zata ba. Ma'aji zai gabatar da cikakken lissafi a babban taro, waɗanda ake bin su kuɗin ƙa'ida kuma a taimaka a biya.

A lokacin rubuta wannan rahoto, an tsara wa'adin dokar SBIR da STTR ya ƙare ranar 30 ga Satumba 2025 in majalisa ba ta sabunta ba. Mun roƙi mambobi 'yan ƙasa su rubuta wa wakilansu. Ranakun rufe karɓar takardu a NIH su ne 5 ga Janairu, 5 ga Afrilu da 5 ga Satumba, da ƙarfe biyar na yamma agogon inda kamfani yake. A 2025, 5 ga Afrilu Asabar ce, don haka wa'adin ya koma Litinin 7 ga wata. Mai niyyar wannan zagaye ya fara rajista yanzu, ya kuma miƙa wa kwamiti shafin manufofinsa kafin ƙarshen Janairu.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa