Godiya ga garejin da ya dawo wa a-kori-kurata da birki

Assalamu alaikum. Na daɗe ban zauna na rubuta dogon abu ba, amma wannan karon ya zama dole, saboda bashin godiya ne a kaina, kuma gara in biya shi a bainar jama'a. Oga mai gareji, da kai da yaranka nake.

Ga wanda bai san labarin ba, motata tsohuwar a-kori-kura ce mai injin dizal, ta haura shekara 30 a duniya, injin lafiya lau, giya lafiya lau, amma birki ya so ya kai ni lahira. In ka taka sau ɗaya ya kama, na biyu ma ba laifi, na uku sai fedar ta zama dutse, ka miƙe tsaye a kanta motar na tafiyarta abinta. Ranar da abin ya ishe ni ina kan gangara da lodi a baya, na taka na taka har cinyata na rawa, sai da giya na sauko da ita ɗaya bayan ɗaya. Washegari na kai muku.

Abin da ya fara burge ni Oga, ba ka ɗauki sifana ba sai da ka zaunar da ni ka yi min bayani. Ka ce injin fetur shi yake samar wa bustar birki, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi in an taka birki, zuƙar iska da kansa, saboda akwai murfi a maƙogwaronsa da ke maƙure iskar, shi kuwa dizal irin nawa maƙogwaro a buɗe yake, shi ya sa ake maƙala masa wani ɗan famfo daban da ke zuƙo iskar, to nawa famfon ya tsufa, bustar ma robarta ta ciki ta fara shan iska. Shekara nawa ina tuƙa motar nan ban taɓa sanin haka ba wallahi. Ka ba ni zaɓi biyu, ko a sake famfon da bustar a koma gidan jiya, ko a sa min irin wadda ake kira Hydro-Boost, wadda ba ruwanta da iska, da ƙarfin man pawa sitiyari take aiki. Ka ce ba sabon abu ba ne, tun 1973 kamfanin Bendix ya fito da ita, kuma a-kori-kurar kamfanin GM masu injin dizal lita 6.2 da ita suke fitowa daga kamfani tun 1982. Na zaɓi ta biyun.

Ta hannu aka samo, daga jikin wata babbar mota da aka kwance. Gaskiya da na gan ta gabana ya faɗi, baƙa ƙirin, ƙura da tsohon mai sun yi mata kanta, na ce a raina wannan ce za ta riƙe min rai? Amma kun wanke ta tas, ka juya ta ka duba bakin sandar da ke shiga ciki, ka duba inda masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, ke zama ko akwai jiƙar mai, ka ce sil ɗin nan ban yarda da shi ba, aka canza tun tana kan benci. Ka kuma sa aka cire ta tare da mastanta da guntayen bakin tiyo na jikinta, saboda zaren noti ba ɗaya ba ne, wanda ya bar su a can shi zai yi ta yawon nema. Wannan dabara ce ta wanda ya sha wuya a baya.

Inda na fi jinjina muku shi ne maganar sandar feda. An ɗaura komai, an ja tiyon matsi daga famfon sitiyari zuwa busta, wani daga busta zuwa akwatin sitiyari, na dawowa kuma ka ƙi yarda a haɗa shi sakaka da na sitiyari, ka ce in man bai samu hanyar komawa tanki a sake ba birki zai riƙa kama kansa, sai kuka ba shi bakinsa daban. Ni a ganina aiki ya ƙare, har na fara laluben makulli. Sai babban yaronka, wannan dogon mai shiru-shiru, ya ɗaga gaban motar da jak ya juya taya da hannu, ta yi rabin zagaye ta tsaya. Bai ce komai ba, ya kalle ka kawai. Ashe sandar ta ɗan yi tsawo, tana danne birkin ko ba a taka ba. Da wani wurin ne sai a ce tafi zai saki a hanya, in je tayoyi su yi zafi. Ku kuwa kuka sake kwancewa, ya kwanta a ƙarƙashin dashbod ƙafafu a waje, ya auna ya rage ya mayar, sau uku, sai da tayar ta riƙa juyawa ita kaɗai kuma fedar na da ɗan wasa a sama.

Fitar da iska ma ya ci lokaci. Taya a sama, inji a kashe, ana murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, man na ta kumfa a tanki, a jira ya kwanta a ƙara a sake. Na gaji da tsayuwa, ku ba ku gaji ba.

Sai gwaji. Ka ce in hau, in taka feda sau da yawa inji a kashe har ta yi tauri, in riƙe ta, in tayar. Ina murɗa makulli sai na ji fedar ta ɗan nutse sannan ta turo tafin ƙafata baya kamar mai rai, ka yi dariya ka ce to ta gaishe ka, haka ake so. Ka nuna min ɗan gwangwanin da ke gefenta mai iskar nitrojin, ka ce in inji ya mutu a hanya shi zai ba ni taku biyu ko uku masu ƙarfi, bayan nan sai ƙarfin ƙafata, don haka kar in riƙa famfa birki a banza in hakan ta faru, in taka sau ɗaya in riƙe.

Ba ka kuma ɓoye min aibinta ba, wannan ya fi min komai. Yanzu birki da sitiyari famfo ɗaya suke ci, bel ɗaya ke juya shi, in ya tsinke duka biyun za su yi nauyi lokaci guda. Ka ce in riƙa duba bel da man sitiyari kamar yadda nake duba na inji, kuma kada man birki ya kuskura ya shiga tankin sitiyari ko na sitiyari ya shiga masta, robobi za su lalace. Har fenti yaron ya ɗiga a murafen biyu kala daban don kar in ruɗe.

Wata uku ke nan. Satin farko sai da na sake koyon taka birki, don da tsohuwar ƙafata na taka na kusa sumbatar gilas. Na koma waccan gangarar da lodi, na sauka da ɗan taɓawa kawai, babu ɗigon mai a ƙasa, babu kukan famfo. Oga Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya yi wa yaran nan albarka, musamman dogon. Akwai wata ƙara da kulocina ya fara yi da safe, ina nan tafe.