Wasiƙa zuwa ga aminina kan kalgon gonarsa

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Saƙonka ya iso, inda ka ce za ka sa a tone duk kalgon da ke gonar da ka saya a gida kafin damina. Don Allah ka dakatar da masu aikin.

Kalgo ɗan gidan wake ne da gyaɗa, kwaɓensa ma ya nuna haka. Sai dai saiwarsa ba ta yin ƙululun nan masu ƙara wa ƙasa taki irin na wake. Amfaninsa ta wata hanya yake zuwa. Saiwar tana nutsawa can ƙasa inda damshi bai ƙarewa, da dare kuma tana sakin wani abu daga ruwan a ƙasar sama, inda saiwar gero take. Ganyen da ya zubar yana ruɓewa a gindinsa, ƙurar hunturu tana taruwa a nan, dabbobi su fake su bar kashi. Shi ya sa geron da ke kewaye da kalgo yakan fi na tsakiyar fili duhun ganye.

Wurinsa shi ne saura da jigawa da bakin fadama, daga Senegal har Sudan, galibi tare da sabara. Ganyen rabe yake biyu kamar kofaton raƙumi, furen fari ne da ratsin ja-ja. Akwai namiji akwai tamace, don haka wanda bai yi kwaɓe ba kada ka ɗauka ciwo ne ya kama shi.

Abin da za a yi shi ne sassabin zamani, wanda manoman Maraɗi suka fara wajen 1983 har ya game kudancin Nijar. A kowane kututture a zaɓi tofo uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, a sare sauran daga tushe. Waɗanda aka bari a rage musu rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsayin sandar kawai. In aka wuce haka sandar takan yi siriri, iska ta kwantar da ita. Adda ta zama mai kaifi, kuma saran ya tashi daga ƙasa zuwa sama. Sara daga sama yana ɗaye ɓawo, gara da ruɓa su samu ƙofa. Rassan da aka sare a daddatsa su a baza a gonar. Wuta ce babbar ɓarna: tana cinye ganyen da zai zama taki, ta kuma babbake tofon.

In akwai inda babu kututture kana son shukawa, ka sani irin yana da tauri ƙwarai. A daka busasshen kwaɓe a turmi, a tsince irin da ƙwaro bai huda ba, a zuba masa ruwan zafi da aka sauke daga wuta, ya kwana a ciki. Dashen yana buƙatar shingen ƙaya saboda awaki.

Kwaɓen da ya bushe da rani kuwa a tara shi, a daka a haɗa wa tumaki da dusa.

Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Naka,
Amininka