Wasiƙa ga 'yata da za ta fara karatun ilimin zamantakewa a jami'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da gwaggonki da dukan mutanen gidan, ina sanar da ke cewa labarin gurbin da kika samu a Sashen Soshiyoloji, wato ilimin zamantakewa, ya iso mana, kuma ni da mahaifiyarki mun yi wa Allah godiya. Na dai ji a muryarki cewa murnar ba ta cika ba, domin karatun lauya kika nema, kuma na san kawunki ya riga ya gaya miki cewa wannan kwas ne da ake tura waɗanda makinsu bai kai ba. Kawunki mutumin kirki ne, amma a wannan magana bai yi bincike ba, shi ya sa na ga ya fi kyau in rubuto miki abin da na sani a tsanake, ki karanta kafin ki je rajista.

Aikin wannan fanni shi ne ya ɗauki abin da kowa yake gani kullum har ya daina lura da shi, ya tambayi yadda aka yi ya zama haka, sannan ya nemi amsar da hujja. Ki dubi talla. Babu wanda ba shi da ra'ayi a kan yarinyar da ke yawo da farantin ƙosai a lokacin da ya kamata tana aji: wani ya ce son kuɗin uwa ne, wani ya ce sakacin uba ne. Mai nazarin zamantakewa zai ajiye hukunci tukuna, ya bi kuɗin ya ga inda suke shiga, ko adashi ne, ko cefane, ko tanadin kayan ɗaki, ya kuma tambayi ta wace hanya matar da ba ta fita za ta sadu da masu sayen kayanta in an hana yarinyar fita. Wata Baturiya mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafi a 1972, kuma cikin abubuwan da ta nuna akwai girman cinikin da mata ke yi daga cikin gidaje, da kuma cewa manoman ƙauye ba ɗaya suke ba: akwai mai rumbun da ke kaiwa wata damina, akwai wanda hatsinsa ke ƙarewa da wuri har ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani, talaucinsa ya ƙara zurfi. Duk ɗan ƙauye ya san wannan a aikace, amma masu tsara shirin noma a ofis sun daɗe suna lissafi kamar kowa daidai yake da kowa.

Kada ki ɗauka baƙon ilimi ne gare mu. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya rubuta Muƙaddima, wato gabatarwar babban littafinsa na tarihi, a 1377, kuma tun a farkonta ya soki masu tarihi da ke kwashe labari ba tare da sun auna shi da hankali da yanayin zaman mutane ba. Ya kawo misalin ruwayar da ta ce rundunar Bani Isra'ila ta kai mayaƙa 600,000, ya tambaya wace ƙasa ce a wancan zamani za ta ciyar da wannan adadi, kuma a wane fili za a jera su har kwamanda ya san abin da ke faruwa a ɗaya gefen. Ya kuma yi bayanin yadda ƙarfin haɗin kai na dangi da ƙabila ke kafa daula, sannan jin daɗin birni ya sassauta shi har wasu su zo su karɓe. Ina so ki riƙe wannan ɗabi'a tasa ta ƙin karɓar adadi don kawai wani babba ya faɗe shi, domin ita ce ginshiƙin duk abin da za a koya miki.

A aji ɗaya da aji biyu za ki sha jin sunayen Turawa huɗu. Auguste Comte na Faransa shi ya raɗa wa fannin suna a ƙarni na 19, sai Karl Marx da Emile Durkheim da Max Weber. Ɗalibai da yawa suna haddace su kamar karatun allo, su zuba a takardar jarrabawa, su manta kafin hutu. Abin da zai sauƙaƙa miki shi ne ki tuna cewa mutanen nan sun rayu a lokacin da masana'antu suka kwashe jama'a daga ƙauyuka zuwa birane, dangi suka warwatse, coci ya rage ƙarfi, kowannensu kuma yana neman gane abin da zai riƙe al'umma bayan haka. Wanda ya ga yadda Kano ta haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da ita, ya ga samari 'yan ci-rani suna kwana a shaguna da tashoshi, ba zai ce tambayar ba ta shafe shi ba. Durkheim ya fi burge ni a cikinsu. A 1897 ya ɗauki kashe kai, abin da kowa ke ɗauka lamari ne na zuciyar mutum ɗaya, ya tattara alƙaluman ƙasashen Turai, ya nuna cewa ya fi yawa ga marasa aure a kan masu iyali, ya fi yawa kuma a yankunan Furotesta a kan na Katolika, ya danganta hakan da ƙarfi ko raunin igiyar da ta ɗaure mutum da jama'arsa. An yi masa gyare-gyare daga baya, kuma za a koya miki su, amma hanyar da ya bi tana nan.

Mahaifiyarki ta nuna damuwa game da addini, domin ta ji an ce akwai masu musun Allah cikin waɗanda za ki karanta. Gaskiya ne Marx bai yarda da addini ba, kuma za a tambaye ki ra'ayinsa a jarrabawa, ki kuma kawo shi daidai yadda yake ba tare da kin karkatar ba. Sanin abin da mutum ya faɗa daban, bin sa daban. Fannin yana duba yadda mutane suke tafiyar da addini a zamansu, wa ke bin wane malami, me ya sa wata ƙungiya ta yi ƙarfi a birni wata a ƙauye, ba shi da ma'aunin da zai yanke hukunci a kan gaskiyar wahayi. In wani abu ya shige miki duhu, ki kai shi ga malamin da ya san fannonin biyu, kada ki bar shi yana cin ki a ɓoye, kada kuma ki mayar da aji filin wa'azi.

Ki nemi abin da aka rubuta a kanmu tun kafin a tilasta miki. M. G. Smith ya yi nazarin sarautar Zazzau, littafinsa ya fito a 1960, matarsa Mary kuma ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda fataucin shanu da goro ya dogara ga masu masaukin fatake da dillalai da bashin da ba a rubuta shi a takarda, da yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta ƙara ɗaure Hausawan wurin. Peter Ekeh kuwa, ɗan ƙasar nan, ya yi wata maƙala a 1975 da ta yi bayanin abin da ke ba mu mamaki har gobe, wato mutumin da ba zai taɓa kwabo na ƙungiyar garinsu ba amma ya ga dukiyar gwamnati kamar ba ta da mai ita. Ki karanta su da idon 'yar gida. Inda baƙo ya gane abin da sabo ya rufe mana, ki karɓa. Inda ya yi kuskure saboda bai ji habaici ba ko an gaya masa abin da yake so ya ji, ki rubuta a gefen littafinki, domin daga irin wannan gyara ne ake samun batun bincike mai kyau.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji. Da yawa cikin masu shiga wannan sashe gudun lissafi ne ya kawo su, sai su tarar da darasin ƙididdiga da na dabarun bincike suna jiran su, su lallaɓa su wuce da ƙyar. Ke kada ki yi haka, domin waɗannan darussa biyu su ne sana'ar da za ki fita da ita. Ki fahimci yadda ake zaɓen mutanen da za a tambaya ta yadda amsarsu za ta wakilci sauran, ki gane dalilin da ya sa matsakaicin kuɗin shiga na unguwa zai iya yaudara idan attajiri ɗaya yana zaune cikin talakawa tara, ki kuma san cewa faruwar abu biyu tare ba ta nuna ɗaya ne ya jawo ɗayan. Ki koyi Excel da SPSS, manhajojin lissafi da tantance alƙaluma, da hannunki a kan kwamfuta, ki saba da cike tambayoyi a waya, domin yanzu haka ake tattara bayanai. Ƙasar nan ba ta sake ƙidayar jama'a ba tun ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da 'yan kai, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta, saboda haka kusan duk adadin da za ki ji ana faɗa a kan yawanmu hasashe ne, kuma ya kamata ki iya tambayar a kan me aka gina shi.

Sai dai takarda da kwamfuta ba za su shigar da ke gidan mutane ba. Ranar da aka tura ku fili, ki fara da mai unguwa, ki gabatar da kanki da takardar sashenku, ki bar shi ya haɗa ki da wanda zai raka ki. Ki yi sallama a zaure, ki jira, in kin shiga ki gaisa har gaisuwa ta ƙare kafin ki fito da biro. Kina da abin da abokan karatunki maza ba su da shi, domin ke za ki wuce har tsakar gida ki zauna a tabarma kusa da murhu, su kuwa iyakarsu ƙofa. Amma ki sani idan kika tambayi mace yawan 'ya'yanta kai tsaye, tana iya tsallake ɗan fari saboda kunya, tana iya ƙin ambaton waɗanda suka rasu, tana iya haɗawa da ɗan riƙo. Idan kika tambayi shekarunta, wataƙila sai kin bi ta wani abin da ya faru, kamar rasuwar sarki ko shekarar fari. Idan kika tambayi magidanci abin da yake samu a wata, zai fara tunanin ko haraji ne ko tallafi, amsarsa kuma za ta bi abin da ya zata. Hatta mutanen gida sai kin tsaya kin tantance, ko duk wanda ke kwana cikin katanga kike nufi ko waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya, domin gida guda yana iya ɗauke da tukwane huɗu. Wanda bai san waɗannan ba zai dawo da takardu cike da amsoshi, ya zuba su a kwamfuta, ta fitar masa da kaso-kaso masu kyan gani waɗanda ba su da alaƙa da gidajen da ya shiga.

Abin da aka gaya miki a irin wannan zama amana ne. Matar da ta buɗe miki cikinta game da kishiyarta ko bashin mijinta ba ta yi don ki ba ƙawayenki labari a ɗakin kwana ba, kuma sunanta ba ya shiga rahoto. Ki gaya wa mutane gaskiyar abin da ya kawo ki, kada ki bar su da zaton za a kawo musu taki ko jari alhali kin san aikin makaranta ne. Haka nan a aji huɗu, lokacin rubuta kundin kammalawa, za ki ga masu zama a ƙarƙashin bishiya su cike takardun tambaya ɗari da hannunsu, da masu sayen tsohon kundi su canza masa suna. Na fi son ki yi nazarin adashin mata a layi ɗaya na unguwarmu, ki yi shi da gaske, da ki kawo mini babban take a kan Najeriya gaba ɗaya wanda ba ki taka ko'ina ba.

Game da aiki kuwa, ba zan ɓoye miki ba: wannan digiri ba ya zuwa da lasisi irin na lauya ko na ma'aikaciyar jinya, kuma masu riƙe da shi suna da yawa. Ana samun su a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da Hukumar Ƙididdiga, da hukumar gidajen gyaran hali, da ma'aikatun mata da walwalar jama'a, da sashen kula da ma'aikata na kamfanoni, da ƙungiyoyin lafiya da agaji, wasu kuma su ci gaba zuwa digiri na biyu su koyar. Bukatar tana nan. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jama'a sun yi zargin maganin, ba a dawo da shi ba sai a 2004, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe a tsakanin. Maganin yana nan a lokacin, yarda ce ta ɓace, kuma sai da aka koma ga sarakuna da malamai da matan unguwa masu shiga gida-gida kafin a kai ga shelar da aka yi a 2020 cewa an kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka. Wanda ake ɗauka a irin wannan aiki shi ne mai iya tsara tambaya, ya ji Hausar mutane har da abin da suka ƙi faɗa, ya kuma rubuta rahoto mai tsabta da Turanci. Don haka ki kula da rubutunki a harsunan biyu, kuma duk hutun da kika ji ana neman masu tattara bayanai, ki nema ko da kuɗin kaɗan ne.

Ki riƙe makinki tun zangon farko, domin ana tara shi ne daga aji ɗaya, kuma wanda ya yi wasa a farko yakan ƙare shekara uku yana biyan bashi. A ma'aunin maki 5, sai kin kai 3.50 digirinki zai shiga babban mataki na biyu, 4.50 kuma mataki na ɗaya. Idan bayan shekara guda kin ga har yanzu zuciyarki tana ga lauya, ki gaya mini mu duba ƙa'idar canjin sashe tare, ba zan tsare ki ba, amma ina so shawarar ta zo bayan kin ɗanɗana karatun da kanki.

Kuɗin rajista da na ɗaki za su shigo asusunki kafin ƙarshen mako, kwamfutar yayanki kuma an kai ta gyara, zai kawo miki idan ya zo. Ki turo mini jerin darussan zangon farko da zarar an ba ku. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki, ki kuma miƙa gaisuwata ga gwaggonki da maigidanta. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki ilimi mai amfani.

Wassalam,
Mahaifinki.