Auta, ki je a duba miki hantar nan

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yayarki ta gaya mini kin watsar da ƙwayar tazarar haihuwa tun da kika ji ana cewa tana sa ƙari a hanta. Na san kunya ce ta hana ki tambayata. To, wadda ta yi shekara talatin tana aikin ungozoma, wace kunya ta rage mata?

Maganar tana da tushe, sai dai an zuzuta ta. A 1973 wata likita mai suna Janet Baum da abokan aikinta a Amurka suka ba da rahoton mata bakwai masu shan ƙwayar da aka samu da ƙari a hanta. Ƙarin ba ciwon daji ba ne, likitoci suna ce masa adenoma. Da aka ƙara bincike, sai aka ga cikin mata 100,000 da suka daɗe suna sha, 3 zuwa 4 ne yake kamawa a shekara. Kuma ƙwayoyin wancan zamani sun fi na yanzu ƙarfin estrogen, wato sinadarin jikin mace da ake sa wa a cikin ƙwayar, nesa ba kusa ba.

Da wannan kaɗai ne, da ban ɗauki biro ba. Abin da ya hana ni barci shi ne ciwon da kika yi ta dafewa da Sallah, gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, ga shi shekara shida kina sayen ƙwayar a kemis ba likitan da ya taɓa duba ki. Dainawar ba laifi ba ce, sau da yawa ƙarin yakan motse idan an bar sha. Amma kin daina ba ki riƙi wata dabara ba, kuma juna biyu yana iya ƙara wa ƙarin girma. Idan ya wuce santimita 5 yana iya fashewa, jini ya zuba a cikin ciki.

Ki je asibiti a yi miki hoton ciki, ki faɗa wa likita sunan ƙwayar da shekarun da kika yi kina sha. A gwada ki ciwon hanta nau'in B ma, shi ne ya fi yawa a cikinmu. Ki tambayi batun robar mahaifa mai jan ƙarfe, ita ba ta da sinadarin estrogen ɗin. Jiƙe-jiƙen wankin hanta kuwa, kada ki kusance su.

Ranar Asabar ina tafe in Allah ya yarda, zan zauna da yaran har ki gama da asibiti.

Taki,
Umma